Akwatin Game Na Haɗin Gida: Yadda Muka Faɗaɗa Faifan Maɓallai Daga Mutum 2 Zuwa 4

  

Yau hirar tamu ta aikin hannu ce: katako, maɓalli, waya da sukuru. Na san wani zai ce, yo kai da ka saba yi mana maganar zaman banza da shaye-shaye da katin zaɓe, me ya kai ka harkar game? To a biyo ni a hankali, za a ga inda suka haɗu.

Bari in fara da bayanin abin da nake nufi da akwatin game, don mu nan mun fi sanin gidan game mai talabijin a bango da PlayStation da hannun game guda biyu. Akwatin game daban yake. Kabad ne na katako, tsayinsa ya kusa kai na mutum, sikirin a sama, a gabanka kuma wani faifai mai sandar juyawa da manyan maɓallai. Komai a liƙe yake, ba abin da yaro zai jefar a ƙasa in an ci shi, ba abin da zai shige aljihu.

Abin yana da tarihi. A 1972 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Pong. Da suka ajiye na gwaji a wata mashaya a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya, ba a daɗe ba aka kira injiniyan da ya haɗa shi, Al Alcorn, wai ya lalace. Da ya buɗe, ashe wurin zuba sulalla ne ya cika ya toshe. A 1978 Taito na Japan ya kawo Space Invaders, a 1980 Namco ya kawo Pac-Man. Street Fighter II na kamfanin Capcom, wanda ya fito a 1991, shi ya sa maɓalli 6 ga kowane ɗan wasa ya zama tsarin da kowa ya sani: uku na naushi, uku na shuri. Na mutum 4 kuwa, akwai Gauntlet na Atari a 1985, da wasan kunkurun nan masu faɗa na Konami a 1989. Konami ma har na mutum 6 suka yi, X-Men, a 1992.

Yanzu ba sai kana da kamfani ba. Tun 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi injinan nan na da. A 2012 kuma aka fara sayar da Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar da aka ƙirƙira a Ingila wadda ba ta fi katin ATM girma ba. Da ita, ko da tsohuwar kwamfutar ofis da aka jingine, da sikirin, da kafinta mai haƙuri, ka haɗa naka.

Irin wannan muka haɗa a nan Kankia, ni da abokai, muka ajiye a wani shago da aka ba mu aro. Faɗinsa santimita 60, na mutum biyu, a tsaye ake bugawa. Da yamma ta yi sai ka ga yara sun cika ƙofar shagon, biyu na wasa, sauran na leƙe ta saman kafaɗa. Matsaloli uku suka bayyana. Na farko, santimita 60 ta yi wa manya biyu kaɗan, gwiwar hannun wannan na dukan haƙarƙarin wancan, daga nan sai musu. Na biyu, in layi ya yi tsawo, mai ƙarfi ne ke samu, ƙananan yara su gaji da jira su tafi. Na uku shi ya fi tsaya mini a rai. Akwai wani ƙanenmu da shan inna ta taɓa wa ƙafafu tun yana ƙarami. Kullum yana zuwa a kekensa, ya fi kowa sanin dabarun wasan don ya fi kowa kallo, amma faifan yana can sama, sai mai iya tsayuwa.

A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta daji, mun gode wa Allah. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, sa'o'inmu ne, ƙannenmu ne. A Janairun 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Mu da ke ɗaga murya a kan a yi aiki da dokar nan, bai kamata a ce ɗan shagon da ke hannunmu ma ya gagari mai keke ba. Shi ya sa muka yanke shawarar faɗaɗa faifan, mu kuma sauke shi ƙasa. Da matasan Kusada suka zo suka gani suka ce su ma za su haɗa nasu, na yi musu alkawarin zan jero matakan ɗaya bayan ɗaya. To ga su.

Mataki na farko: kwali kafin katako. Ka samo babban kwali, irin na firji ko na talabijin, ka yanka shi daidai girman da kake so, ka ɗora a kan tebur. Ka kira mutum huɗu masu girma daban-daban, har da yaro, har da mai keke, kowa ya ɗora hannuwansa kamar yana wasa, ka zana wurin da biro. Kwali in ya ɓaci ka samo wani. Katako in ka huda, ka huda kenan. Mu mun tsaya a faɗin santimita 122, zurfi 40. Me ya sa 122? Saboda fallen filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. In ka bi gajeren gefen, yanka ɗaya kafinta zai yi, ragowar kuma ta isa bango da ƙasan akwatin faifan. In ka raba 122 gida huɗu, kowa zai samu kusan 30, kuma kafaɗar babban mutum ta fi haka. Dabarar ita ce a datse kusurwoyin gaba guda biyu a karkace, ɗan wasa na 3 da na 4 su zauna ta gefe suna fuskantar sikirin a kaikaice, na 1 da na 2 su samu tsakiya.

A nan akwai abin lura. Ko da mutum ya zauna a karkace, sandar juyawarsa kar a karkata ta. In ya tura ta wajen sikirin, abin da ke cikin wasan ya yi sama. Ido na kan sikirin, hannu kuma ido yake bi. In ka karkata sandar, yaro zai ce dama, mutumin nasa ya tafi wani wuri daban. Sannan tun a matakin kwali ka kunna sikirin ɗin, na gefe su duba. Wasu masu araha in ka kalle su ta gefe sai hoton ya yi duhu. Namu inci 24 ne, da muka ɗan tura shi baya sai kowa ya gani sosai.

Mataki na biyu: tsayi. Akwatunan Amurka a tsaye ake buga su, amma a Japan an fi sabawa da na zaune, irin Astro City na kamfanin Sega, kowa da kujerarsa. Shi muka ɗauka. Ƙa'idar gine-gine ta Amurka don masu keken guragu ta ce saman tebur ya kasance tsakanin inci 28 da 34, ƙarƙashinsa kuma a bar aƙalla inci 27 don gwiwa ta shiga, wato kusan santimita 69. Sai muka sa saman faifan a santimita 80, kaurin akwatinsa 10, ƙarƙashi ya rage 70. Tunda kabad ɗin 60 ne faifan kuma 122, kowane gefe ya fito da kusan 31, kamar fiffike, ƙarƙashinsa fili. Amma mu tuna, yawancin kekunan da 'yan uwanmu ke hawa a nan masu tuƙi da hannu ne, akwai taya da feda a gaba, ba za su shiga ƙarƙashin tebur ba. Don haka muka yi benci mai faɗi, daidai tsayin mazaunin keken, mutum ya faka a gefe ya zame ya koma kai ba tare da an ɗauke shi ba. Wannan shawarar ƙanen namu ne ya kawo ta. Ya ce mini, "Yaya, ni dai kar a riƙa ciccibata a gaban mutane." Duk wanda zai yi irin wannan aiki, ya tambayi mai amfani da shi kafin ya ɗauki zarto.

Mataki na uku: katako da huji. Ka nemi filawud mai kaurin milimita 18. MDF yana da santsi, yana da daɗin huda, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura, kuma ka san yara da ledar ruwa da zoɓo. A saman sai a shimfiɗa fomika saboda gumi, a goge bakin da samfefa kar ya yanki hannu. Maɓallan iri biyu ne a kasuwa. Akwai samfurin Japan, irin na kamfanin Sanwa, hujinsu milimita 30, ƙananan kuma 24. Akwai samfurin Amurka masu dogon wuya, hujinsu milimita 28. A kula sosai: masu maƙalewa da 'yan kunnuwa an yi su ne don faifan ƙarfe ko roba mai siriri, ba za su kama katako mai kauri ba. Na katako, ka sayi masu zare da noti a ƙasa. Kuma kar ka huda komai sai maɓallan sun iso hannunka ka auna su da kanka.

Lissafin namu ga shi. Na 1 da na 2 maɓalli 6 kowanne saboda wasannin faɗa. Na 3 da na 4 maɓalli 4 kowanne, don wasannin mutum huɗu ba su cika wuce haka ba. Ya zama 20. Ƙara na farawa guda 4, ya zama 24, sai hujin sanda 4. Tsakanin tsakiyar maɓalli da na kusa da shi ka bar kamar santimita 4, in ba haka ba notunan za su haɗu a ƙasa su ƙi ɗauruwa. Tsakanin sanda da maɓallin farko, 8 zuwa 9. A gaba kuma ka bar fili kamar 10, inda tafin hannu zai huta. Wajen huda, ka sa guntun katako a ƙasa, ka fara ta sama, in bakin injin ya leƙo sai ka juya faifan ka ƙarasa ta baya. Haka filawud ba zai tsattsage ba. Sandar kuma, tunda katakon na da kauri, sai kafinta ya ɗan sassaƙe wurin zamanta ta ƙasa, in ba haka ba za ta fito gajera.

Mataki na huɗu shi ne wanda ya shafi rai: kar ya kife. Ka ɗora faifai mai faɗin 122 a kan kabad mai 60, yara huɗu sun danna shi da ƙarfi, wani ƙarami ya rataya a fiffike ɗaya. In ƙasan ba nauyi, zai faɗo da sikirin da komai. Kafintan da ya yi mana aikin, dattijo ne, da ya ga zanen sai ya ce, "Ɗana, wannan hular ta fi kan girma, sai an yi mata gindi." Abu uku muka yi. Mai walda ya haɗa mana firam na ƙarfe da ya ratsa ƙarƙashin faifan daga wannan gefe zuwa wancan, a lafe, yadda ba zai tokare gwiwa ba. Muka ƙara wa kabad ɗin ƙafafu masu fitowa gaba da baya, waɗanda suka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da damshin damina. Sannan muka sa batirin sola a can ƙasan ciki. Batir mai amfiya 100 nauyinsa ya kusa kilo 30, ka ga ya yi aiki biyu. In shagon naka ne, ka ɗaure bayan kabad ɗin da bango ma.

Kafin in manta, ka auna ƙofa. Faifan ya zama mai cirewa, a ɗaure shi da bol da noti guda 4, kar a sa gam ko ƙusa. Ranar da mai shago ya ce yana son wurinsa, ko za a kai shi wani taro a Kusada, sai a kwance a ɗora a mota. Saman faifan kuma a yi masa hinjis irin na ƙofar kabad, da kwaɗo, don in maɓalli ya mutu a ɗaga a gyara.

Mataki na biyar: waya. Kowane maɓalli makunni ne kawai, in ka danna ya haɗa waya biyu. Sandar ma makunni 4 ne a ƙasanta: sama, ƙasa, hagu, dama. Akwai ɗan ƙaramin allo da ke karɓar waɗannan wayoyi ya miƙa wa kwamfuta ta USB, ita kuma ta ɗauka hannun game ne. Kowane ɗan wasa da nasa, kenan guda 4. Raspberry Pi 4 ramin USB 4 gare ta, za su cika, don haka in kana son sa kibod ko filas sai ka ƙara mahaɗar USB mai tata wutar. Wanda bai samu allon ba, da tsohuwar zuma ake magani: hannun game da robarsa ta mutu amma cikinsa na aiki, mai gyaran waya zai iya liƙa wayoyi da dalma a wuraren da maɓallan ke taɓawa. Kowace waya ka naɗa mata farin tef ka rubuta sunanta, misali "3, sama". Wayoyi sun fi 70 a ciki, ranar gyara za ka gode wa kanka. Sannan tunda allunan iri ɗaya ne, wani lokaci in an kashe an kunna sai kwamfuta ta rikita su, na 1 ya koma na 3. Ka sa wa kowane rami lamba, kar a riƙa sauya su, ka kuma saita manhajar ta bi tsarin ramukan. Kayan nan wasu za ka samu a Kano, Sabon Gari ko Farm Centre, tunda muna kan hanyar Katsina zuwa Kano, maɓallai da sanduna kuma an fi samunsu ta oda a intanet. In Kankia da Kusada suka haɗa oda ɗaya, kuɗin kawowa zai ragu.

Mataki na shida: wuta, zafi da ƙura. Raspberry Pi 4 cajarta bolt 5 ce, amfiya 3, wato ba ta wuce wat 15. Da sikirin da lasifika, duka kayan namu ba su wuce wat 50 ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kusan wat 1,200 na awa ɗaya. Irin mai ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa, kenan 600. Raba da 50, awa 12, cire abin da inbata ke ci, ka samu kamar awa 10 ba ƙarar janareto. Batir mai ruwa yana fitar da iska in yana caji, don haka a yi wa ɗakinsa ramukan shan iska, a raba shi da wurin kwamfutar. A bazara ka sa ƙaramar fanka a baya. A hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, tana shiga maɓallai su daina amsawa. A rufe ramukan iska da raga, da dare a lulluɓe faifan da zani.

Wurin zuba sulalla fa? Mu nan an daɗe da daina ciniki da su. Sai muka sa maɓalli ɗaya a ɓoye a baya, mai kula da shago ne ke dannawa. Wasannin kuma, in faɗa muku gaskiya, tsofaffin nan suna da masu su har yau, kuma Najeriya na da dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Wanda zai karɓi kuɗi ya san wannan. Akwai na kyauta da aka yarda kowa ya yi amfani da su, kamar SuperTuxKart na tseren mota, wanda mutum huɗu ke iya bugawa a sikirin ɗaya.

Yanzu in dawo kan tambayar farko. Iyayenmu ba su ƙi gidan game haka kawai ba. Sun ga yaro ya gudu daga makaranta, sun ga an fara da "wanda aka ci shi zai biya" an ƙare da caca, sun ga kuɗin cefane ya ɓace. Damuwarsu gaskiya ce. Shi ya sa kafin mu buɗe muka je wajen mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa, muka karanta musu dokokin da muka liƙa a ƙofa: ba caca ko ta naira 10, ba wasa lokacin boko ko Islamiyya, in an kira salla a kashe, ba sigari, ba zagi, bayan isha'i a rufe. Muka ce duk uban da ke son shigowa ya gani, ƙofa a buɗe take. Faɗaɗa faifan ma ya taimaka a nan. Wasan mutum biyu na ci-ka-ci-ni ne, shi ke jawo a sa kuɗi. Yawancin na mutum huɗu kuwa haɗa kai ake a yaƙi kwamfuta, in ɗaya ya faɗi sauran su kare shi, kuma layi na tafiya ninki biyu. Ƙanen nan namu yanzu shi ke riƙe da kujera ta 4, shi ne ma mai danna maɓallin baya.

Sannan ku ƙirga sana'o'in da suka taɓa akwatin nan: kafinta, mai walda, mai gyaran waya, mai haɗa sola, mai saita kwamfuta, da mai fenti. Mun sa sharaɗi kowannensu ya yi aikin a gaban yara, ya bar su su riƙe tef su auna. Biyu daga cikinsu yanzu suna zuwa shagon kafintan ranar Asabar da izinin iyayensu. Da yawanmu mun gama jami'a muna jiran takardar ɗaukar aiki, ƙannenmu kuma mu suke kallo. Gara su gan mu da tef da sukudireba a hannu.

Mutanen Kusada, ku da ba ku fara yanka katako ba, ku yi naku mai faɗi kuma na zaune tun daga farko, ya fi sauƙi a kan gyara daga baya. Ku fara da kwali a wannan makon, ku kira masu amfani da shi su ɗora hannu, in kun gama zanen mu zo mu duba tare. Akwai kuma maganar ƙannenmu mata, waɗanda ba za su shigo shago cikin maza ba. Muna tattaunawa da wata malamar Islamiyya a kan ƙaramin akwati na ɗorawa a tebur da za a ajiye a cikin gida, kuma shi ne batun shirinmu na mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Wanda ya amfana ya tura wa wani, musamman kafintoci da masu gyaran waya na unguwarku. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya shirya mana ƙannenmu, ya ba jiharmu ta Katsina zaman lafiya.